Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Malamin da Ya Rubuta Ƙa'idojin Mulki, Ya Kuma Gwada Su

Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga sashen kimiyyar siyasa, ko na gudanar da ayyukan hukuma, ko na tsare-tsaren raya ƙasa, a Yamai yake ko Maraɗi ko Zariya, yakan buɗe karatunsa da sunayen masana na nesa: Aflatun da Aristotal na Girka, Makiyabeli na Italiya, Monteskiyo na Faransa, Maks Weba na Jamus. Duk yawan littattafan da za a ɗora masa, tambayoyi uku ne ke ƙarƙashinsu. Ta farko, wane ne ya cancanci ya yi mulki, kuma me ya wajabta wa talaka yi masa biyayya? Ta biyu, ta yaya mai mulki zai zaɓi ma'aikata, ya kuma hana su cin amanar da ya ba su? Ta uku, yaya za a shirya garuruwa da gonaki da kasuwanni da hanyoyi, yadda jama'a za su ci su ƙoshi, su kwana lafiya?

Kimanin shekara 200 da suka wuce, an yi wani malami a ƙasar Hausa da ya amsa waɗannan tambayoyi uku a rubuce, sannan aka ɗora masa nauyin aiwatar da amsoshin nasa har shekara 20. Shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ga mutanen jahar Maraɗi, daga Tsibiri zuwa Tasawa da Mayahi, Bello ba baƙo ba ne. Sai dai da yawa daga cikin kakanninsu sun san shi ne ta bakin mashi, domin daulolinsu suna cikin waɗanda suka ƙi miƙa masa wuya. Wannan ya sa tarihinsa yake da amfani biyu ga ɗalibin wannan yanki: zai ga abin da tsarin Bello ya gina, zai kuma ga inda tsarin ya tsaya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1781. Mahaifinsa, Shehu Usmanu, an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi ta ƙasar Nijar ta yau. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Gidansu na Toronkawa ne, Fulanin da suka daɗe da shahara da malanta. Ana danganta sunan Bello da kalmar Fillanci mai ma'anar mataimaki, kuma rabin farko na rayuwarsa ya dace da sunan, domin a taimakon mahaifinsa ya ƙarar da shi.

Ya tashi a Ɗegel ta ƙasar Gobir, inda almajirai daga sassa daban-daban suke taruwa wajen Shehu. A wurin mahaifinsa ya ɗauki tafsiri da hadisi da tauhidi da sufanci. A wurin baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya yi fice a ilimin harshe, ya ɗauki nahawu da sarfu da balaga da waƙoƙin Larabawa. Yaro ne da ya girma tsakanin harsuna uku: Fillanci a cikin gida, Hausa a kasuwa da dandalin wa'azi, Larabci a kan allo da takarda. Wannan rabon aiki tsakanin harsunan ya bi shi har gadon mulki, kamar yadda za mu gani a gaba.

Shekarun Yaƙi

Lokacin da dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Bello yana ɗan shekara 23. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda jama'ar ta yi babbar nasararta ta farko. Ya kuma ga baƙin ranar Tsuntsuwa da ta Alwasa, inda aka yi asarar malamai da mahaddata masu yawa. Waɗannan shekaru sun koya masa cewa runduna ba ta tafiya da himma kaɗai, domin yunwa da annoba da rashin matsuguni sun ci mutane kamar yadda takobi ya ci.

Tun a lokacin aka fara ganin baiwarsa ta shiri da haɗa kan mutane. A ranin 1805 zuwa 1806, shi Shehu ya wakilta ya gana da shugabannin jihadi na ƙasashen gabas a Birnin Gada ta Zamfara, ya karanta musu saƙon mahaifinsa, ya karɓi mubaya'arsu a madadinsa. Wannan taro ne ya ɗaure tawayen da ke tashi a Katsina da Kano da Daura ya mai da su reshen jagoranci ɗaya. A watan Oktoba na 1808, Bello ne ya ja rundunar da ta ci Alkalawa, babban birnin Gobir, inda aka kashe Yunfa.

Da yaƙin Gobir ya lafa, abin da ya fara yi shi ne gina gari. A 1809 ya kafa Sakkwato a kan tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, wuri mai ruwa da fadama da sauƙin tsaro. A 1812 Shehu ya raba kula da daula: yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Shehu ya koma ga karantarwa da rubutu, ya bar musu ɗawainiyar yau da kullum. Saboda haka kafin Bello ya zama Sarkin Musulmi, ya riga ya yi shekara biyar yana koyon gudanar da ƙasa da hannunsa.

Muhawara a kan Halaccin Mulki

A wannan shekara ta 1812 ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda har yau shi ne babbar madogara a kan tarihin jihadin. A cikinsa akwai bayanin ƙasashen Sudan ta Tsakiya da malamansu da yaƙe-yaƙen da aka yi. Amma abin da ya fi jan hankalin ɗalibin siyasa shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin shugabannin Sakkwato da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno.

Al-Kanemi ya ƙalubalanci tushen jihadin. Hujjarsa ita ce, saɓo daban yake da kafirci, kuma munanan al'adun da ake zargin mutanen Barno da su ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulunci, ba a kuwa taɓa halatta yaƙar waɗannan ƙasashe saboda su ba. Bello ya mayar da martani cewa an yaƙi sarakunan ne saboda sun gauraya addini da abin da ke warware shi, kuma sun goyi bayan masu yaƙar jama'ar Shehu. Wannan ita ce tambayar da ake kira halaccin mulki a darussan yau: yaushe ne ya halatta a tayar wa hukuma? Mai karatu yana da damar ya auna hujjojin biyu, ya ga wadda ta fi nauyi. Abin lura shi ne, ya sami wannan dama ne domin Bello ya kwafe maganar abokin hamayyarsa ya ajiye a cikin nasa littafin. Ya maimaita haka daga baya a Sardul Kalami, inda ya adana ƙorafin Abdussalami, mutumin da ya yi masa tawaye.

Hawansa Mulki

Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu, 1817. Manyan jama'a da ke garin suka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi, wanda ya girme shi da shekaru da ilimi, ya taso daga yamma ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya. Daula mai shekara 13 ta wayi gari da kawuna biyu da ba sa ga maciji, ga kuma tawaye ta kowace fuska, domin da yawa sun ɗauka biyayyarsu ga Shehu ce, ta kuma ƙare da rasuwarsa.

Tawayen da ya fi ciwo shi ne na Abdussalami, malami Ba'are, ɗaya daga cikin almajiran Shehu na farko. Harin da aka kai wa garinsa Gimbana yana cikin musabbabin hijira. Daga mazauninsa na Kware, ya yi kukan cewa an tauye shi a rabon ƙasa, kuma zaluncin da aka yi jihadi a kansa ya fara dawowa. Bello ya yi ta aika masa wasiƙu, da abin ya faskara ya yaƙe shi, Abdussalami ya rasu a farkon 1818. Tambayar da ya tayar kuwa ba ta mutu da shi ba: idan juyi ya yi nasara, wa ke cin moriyarsa, kuma da wane ma'auni ake rabo?

Ragowar mabiyansa sun taru a Kalambaina, suka gagari Abdullahi. Bello ya kai wa baffansa gudummawa, aka ci garin. Ruwaya ta nuna cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Amirul Muminina. Daga nan aka daidaita: Gwandu ta ci gaba da kula da ƙasashen yamma, Sakkwato ta riƙe shugabancin daula. Sulhun ya tsare daular daga tsagewa biyu tun tana jaririya.

Usulus Siyasa

Daga cikin rubuce-rubuce fiye da 100 da masu bincike suka lissafa wa Bello, wanda ya fi kusa da manhajar ɗaliban mulki shi ne ɗan ƙaramin littafi mai suna Usulus Siyasa, wato tushen siyasa. Ya rubuta shi ne domin Umaru Dallaji, wanda ya zama Sarkin Katsina bayan an kori sarakunan Haɓe a 1807, ya kuma nemi shawara a kan yadda zai riƙe ƙasa. Bello ya tattara amsarsa cikin ƙa'idoji bakwai, ya ce dukansu adalci ne uwarsu.

Ƙa'idojin farko sun shafi halin mai mulki: ya zama mai tsoron Allah wanda bai ɗauki sarauta abin nema ba, ya zama mai sauƙin kai da haƙuri da yafiya da kyauta. Na tsakiya sun shafi waɗanda ke kewaye da shi: ya lazimci malamai na gari yana jin shawararsu, ya zaɓi ma'aikata daga mutanen kirki, ya gindaya musu sharaɗin adalci, ya kuma riƙa bin sawun ayyukansu, domin laifin wakili yana komawa kan wanda ya wakilta shi. Sauran sun shafi talakawa: a umurce su da yin adalci a tsakaninsu, tun da halin jama'a yakan haifi irin shugabannin da suke samu, a kuma bi da su da sassauci, kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba.

Ƙa'ida ta shida ita ce ta tsare-tsare. A cikinta Bello ya wajabta wa mai mulki samar wa jama'a abubuwan amfanin duniyarsu da addininsu. Ya ambaci masu sana'a da sunayensu, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a ƙarfafa su, a kuma rarraba su yadda kowane gari zai sami nasa. Ya yi umurni a kwaɗaitar da mutane noma da ajiye abinci, a raya ƙauyuka da birane, a gina ganuwa da gadoji, a kula da kasuwanni da hanyoyi. Wanda ya taɓa buɗe kundin tsarin raya ƙaramar hukuma zai gane jerin: ƙidayar abin da gari ke buƙata, rarraba ma'aikata, rumbun tsimi, hanyoyi da kasuwa.

Bello bai ƙirƙiro wannan fanni daga sama ba. Ya gaji doguwar al'adar rubutun nasiha ga sarakuna a duniyar Musulunci, ya kuma san abin da al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, da Liya'ul Hukkami da baffansa ya rubuta a Kano. Abin da ya ƙara shi ne taƙaitawa, da kuma saukar da magana zuwa ga maƙera da rumbu. Ya yi wa Sarkin Bauci Yakubu irin wannan rubutu na nasiha da amsa tambayoyi.

Mulki da Takarda

Daular da Bello ya gada ta miƙa daga ƙasar Kabi har Adamawa, tafiyar watanni a kan doki. Ba shi da rundunar dindindin da za ta tsare kowace kusurwa. Abin da ya riƙe ta da shi abu uku ne: naɗi, da wasiƙa, da wakili. Kowace masarauta tana tafiyar da harkokinta, amma sarkinta yana samun tabbaci daga Sakkwato, yana aiko da kason dukiya, yana kawo mayaƙa idan an kira. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, Bello ne ya naɗa Ibrahim Dabo, wanda zuriyarsa ke sarautar Kano har yau.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne ofishin waziri, wanda Giɗaɗo ɗan Laima ya riƙe, abokin Bello kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Waziri ne ke kula da Kano da wasu manyan masarautun gabas, yana kai rangadi, yana sasanta rikicin gado da na iyaka, yana kuma riƙe da fitar wasiƙu da shigarsu. Sauran masarautu ma kowace tana da babban mutum a Sakkwato da take bi ta hannunsa. A yaren darasin gudanarwa, wannan shi ne raba iko tsakanin tsakiya da sassa, tare da hanyar sa ido. Marubucin tarihi Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a Sakkwato, ya ruwaito cewa Bello yana bin diddigin hukuncin alƙalai, yana warware wanda aka yi bisa son rai, kuma yana ci ne daga abin da ya nema da kansa, ba ya dogara da baitulmali.

Ribaɗi da Zaunar da Makiyaya

Babban aikinsa na tsara ƙasa shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa manoma ne da damina, masu tsaro a kowane lokaci. Ya jera irin waɗannan garuruwa a kwarin Rima da kewayen Sakkwato, ya ɗora ƴaƴansa da ƴan'uwansa a kansu. Shi kansa ya bar jin daɗin babban birni ya tare a Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, yana fuskantar Gobir. Kowane ribaɗi yana da masallaci da malami da alƙali da kasuwa, don haka aikinsa ya wuce tsaro: wuri ne na tara mutanen da yaƙi ya tarwatsa, a mai da su mazauna gari masu noma da sana'a da karatu.

Da wannan manufa ya fuskanci Fulani makiyaya. Ya kwaɗaitar da su zama wuri ɗaya, su sa ƴaƴansu karatu, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da ƙananan bisashe. Ya bayyana ra'ayinsa na fifita zaman gari a kan yawon daji a amsar da ya rubuta wa Muhammadu al-Jailani, malamin Abzinawa da ya ja nasa jihadin a ƙasar Adar. Ya kuma rubuta littafi a kan neman halali da darajar sana'a, da wasu a kan magani, har da ciwon ido da basur. A ganinsa, lafiyar talaka da abincinsa suna cikin aikin hukuma.

Labarin wannan sarki mai littattafai ya kai nesa. Baturen Ingila Kilafatan ya ziyarce shi a 1824, ya kuma dawo a 1826, ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Ya rubuta cewa Bello ya yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kirista, ya kuma san abin da Ingilishi suka yi a Indiya. Alhaji Umaru Tal na Futa Toro ya yi shekaru a wurinsa, ya auri ƴarsa, kafin ya koma yamma ya kafa tasa daular.

Inda Tsarin Ya Tsaya

Tarihi ba ya cika sai an duba shi ta ɗaya gefen ganuwa. Sarakunan Katsina da aka kora a 1807 ba su ɓace ba. Bayan faɗuwar Magajin Halidu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja ragowar jama'a zuwa ƙasar Damagaram, daga baya mutanen Maraɗi suka tayar wa wakilin Fulani da ke kansu, suka karɓe shi wajen 1819. Nan aka sake kafa sarautar Katsina, da tsarinta na da. Manyan ƴan majalisa huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, su ke zaɓen sarki, suna kuma da ƙarfin taka masa burki. Akwai kuma Iya, mace mai babban matsayi a fada. Wannan wata amsa ce ta dabam ga tambayar halaccin mulki: gado da yardar masu zaɓe da al'adar ƙasa. Wato a lokacin da Umaru Dallaji yake karanta Usulus Siyasa a Birnin Katsina, akwai wani Sarkin Katsina a arewa da ke ganin kujerarsa ce aka ƙwace.

A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Ibra shugaban Abzinawa suka haɗa kai. Bello ya fito da kansa, aka gwabza a Gawakuke, ya yi nasara, aka kashe Ali da Rauda. Amma nasarar ba ta kawo biyayya ba. Ɗan Mari ya gaji Rauda, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, aka ci gaba da kai hari da ramuwa har ƙarshen ƙarni, lokacin da wani reshe na gidan sarautar Maraɗi ya koma Tasawa. Da Faransa da Ingila suka zo shata iyaka a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, layin da suka ja a wannan yanki ya bi kusan inda ikon Sakkwato ya tsaya. Iyakar da ake tsallakawa yau tsakanin Maraɗi da Katsina tana da tushe a wancan yaƙi.

Akwai wata iyakar kuma a cikin gida. Garuruwan ribaɗi da gandayen manya sun dogara ƙwarai da aikin bayi, waɗanda aka kamo a yaƙe-yaƙe. Adalcin da ƙa'idoji bakwai suka yi alkawari bai kai ga ƴanta waɗannan ba. Ɗalibin tsare-tsare ya kamata ya riƙe wannan a zuciya duk lokacin da ya ga kyakkyawan shiri a takarda, ya tambayi wanda zai ɗauki nauyinsa da wanda aka bari a waje.

Abin da Harshe Ya Adana

Ga mai nazarin harshe, zamanin Bello taska ce. Kalmar siyasa kanta Balarabiya ce, daga tushen da ke nufin kula da dabba da horar da ita, shi ya sa Larabawa ke kiran mai kula da doki sa'is. A Hausa ta daɗe tana nufin lallashi da iya tafiyar da mutane, kafin zamanin jam'iyyu ya ba ta ma'anar da ta fi yaɗuwa yau. Da wannan tsohuwar ma'ana ya kamata a karanta sunan littafin Bello. Haka kuma yawancin kalmomin da muke tattauna mulki da su, irin su hukuma, daula, mulki, waziri, alƙali, hakimi, haraji, baitulmali da adalci, daga Larabci suka shigo, wasunsu tun kafin jihadi, jihadin kuma ya ƙara kafa su.

Sai dai Hausa ba ta karɓa kawai ba, ta kuma yi rinjaye. Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu, ya soki harajin sarakunan Haɓe yana kiran su da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya kuma soki sarautu irin su Galadima da Ubandawaki. Duk da haka, a cikin ƙarni na 19 fadar Sakkwato ta kasance da Galadima da Magajin Gari da Magajin Rafi, Ibrahim Dabo ya farfaɗo da sarautun Hausa a Kano, jangali ya dawo, Amirul Muminina kuma ya zama Sarkin Musulmi a bakin jama'a. Ana rubuta wasiƙa da Larabci, ana zartar da ita da Hausa. Darasin da ke nan na ilimin harshe ne, na gudanarwa ne kuma: sabuwar hukuma takan sauya shugabanni cikin shekara guda, amma sunayen ofisoshi da al'adun aiki sukan fi ta tsawon rai. Ga shi a Nijar, zaɓaɓɓen shugaban ƙaramar hukuma ma magajin gari aka riƙa ce masa.

Rasuwarsa

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, yana da shekara 56 a lissafin Miladiyya, a can kuma kabarinsa yake. Masu zaɓe ƙarƙashin jagorancin Waziri Giɗaɗo suka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, Giɗaɗo ya rubuta littafi a kan halayensa. Daular da ya tarar tana tangal-tangal a 1817 ta rayu bayansa shekara 66, har zuwa shigowar Ingilishi Sakkwato a 1903.

Kammalawa

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, an miƙa wa garuruwa irin su Tchaké ta gundumar Mayahi nauyin rubuta tsarin raya kansu: ina za a haƙa rijiya, ina za a kafa rumbun hatsi, wace hanya za a gyara zuwa kasuwa, ta ina burtali zai bi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye domin sasanta manomi da makiyayi, matsalar da rikicin Toda na 1991 ya nuna irin jinin da take iya zubarwa. Waɗannan su ne batutuwan ƙa'ida ta shida da na wasiƙar al-Jailani, ko da yake amsar wannan zamani ba lalle ta zama tasa ba, tun da dokokin yau sun amince wa makiyayi da haƙƙin yawo da dabbobinsa.

Saboda haka ya dace a karanta Bello a aji ɗaya da Makiyabeli da Weba, a kuma yi masa irin tambayoyin da ake yi musu, tare da ajiye tsarin Maraɗi a gefensa domin kwatance. A nan ɗaliban harshe suke da aiki. Yawancin rubuce-rubucensa da Larabci suke, ɗaliban mulki a Nijar da Faransanci suke karatu, talakan da ake tsara wa rayuwa kuwa da Hausa yake tunani. Fassara waɗannan littattafai zuwa Hausa mai kyau, da tattara kalmomin mulki na fadojin Maraɗi da Tsibiri da Tasawa daga bakin dattawan da suka rage, aiki ne da ke jiran masu digiri na farko da na biyu a sassanmu.